Ranar da Aka Kusa Dawo wa Maitama da Doki

A kasuwar Shinkafi, duk wanda ya nemi doki mai jin linzami, wurin Maitama ake kai shi. Mutumin Gurbin Bore ne, gajere mai sanyin murya. Fataucin dawaki ya gada wurin kawunsa, amma horon nasa ne na kansa. Yakan sayi ɗanyen doki ya shekara da shi, har ya zamana in mahayi ya danne sirdi ta baya, dokin ya tsaya cak daga sukuwa yana jan ƙafafun baya a ƙasa. In kuwa ya karkata jiki, linzami ya taɓa wuya, sai ya yi ta juyawa wuri ɗaya kamar mazari. Ba bulala, ba kaimi.

Abin alfaharinsa shi ne ba a taɓa dawo masa da doki ba. A wannan sana'a, wanda aka mayar wa dabba a bainar kasuwa, sunansa ya ɓaci har Kaura Namoda.

Wata ranar kasuwa sai ga Namadi, taubashinsa mai fataucin gero a Katuru, yana tafe a ƙasa, janye da baƙin dokin da ya saya wurin Maitama makon jiya, rigarsa duk ƙasa.

"Kai, ɗan gajere! Amshi abinka, dokinga iska gare shi!"

Dillalai suka bar ciniki suka matso. Maitama ya taso ya tare shi.

"Bawana, mi ya yi maka?"

"Mi ne bai yi ba? Muna tahiya lahiya lau, sai ya kama juyi da ni. Sau nawa ina shan ƙasa gaban surukaina!"

Maitama ya duba baki, ya shafa baya, ya ɗaga kofato, bai ga aibi ba. Ya ce a hau masa ya gani. Namadi ya hau yana gunaguni, dokin ya kama tafiya sumul. Can wani mai goro ya ɗaga murya daga baya: "Alhaji Namadi, barka da kasuwa!" Namadi, wanda bai iya wuce gaisuwa ba ko ta ɗan akuya ce, ya murɗa jiki gaba ɗaya, ya ɗaga hannun da ke riƙe da linzami. Nan take dokin ya shiga juyi, hula ta yi nata wuri. Namadi ya kwanta baya don ya tsira, dokin ya tsaya cak, ya sauke shi a kan buhun dusa.

Kasuwa ta kwashe da dariya. Maitama ya share hawaye ya ce, "Doki ya yi abin da ka ce da shi. Kai ne ke gaisuwa da duk jikinka, kamar mai shiƙa."

"To in bar gaida mutane saboda dabba?"

"Gaishe su da baki, ka bar ƙugu ya huta."

Suka wuni a bayan kasuwa, Maitama yana gaisuwa daga ko'ina, Namadi yana koyon amsawa a sandare. Da la'asar ya koma gida bisa dokinsa, ciniki bai warware ba. Yanzu mutanen Katuru ƙorafi suke yi wai tun da Alhaji ya sayi doki ya daina waiwayen talaka.