Motar Yaya da Ƙwaryar Ruwan Iya

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in zan sha ruwa sai na riƙe kofin da hannu biyu. Rubutun nan ma da ƙyar yake bin layi. Ina so dai in ajiye labarin motar da yayana ya ƙera a bayan gidanmu tun ban manta yadda aka haɗa ta ba, don duk tsoron da na sha bai kashe mini son sanin abin ba.

Ƙauyenmu yana gab da Toranke, cikin jigawa. Yashi ne ko'ina, irin wanda ƙafa ke nutsewa a ciki har idon sawu. Motar haya ba ta shigo mana, sai dai a taka a tare ta a hanya. Iya, mahaifiyar Baba, tana da ƙanwa guda a Kademi, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Bayan an gama girbi aka aiko cewa ƙanwar tana kwance, kullum Iya take kira. Ita kuwa Iya ƙugunta ya daɗe da hana ta hawa jaki. An taɓa gwada ɗora ta a amalanken shanu, ba a yi nisa ba ta ce a sauke ta, girgizar za ta raba ta biyu.

Yaya ya yi shekara huɗu yana koyon kanikanci a Kano kafin Baba ya kira shi gida noma. Shi ne ya ce zai yi wa Iya motar da za ta bi yashi ba tare da ta jijjiga ta ba. Iya ce ta yi dariya ta ce in dai angon nata ya isa, to ya yi a gani.

Na dawo hutu daga makaranta na tarar an fara tara ƙarafa a gindin tsamiya. Tayoyi huɗu masu faɗi da sifirin ɗinsu Yaya ya ciro daga wata motar daji da ta mutu tun shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, aka bar ta a bayan Gaya awaki na kwana a ƙarƙashinta. Injin na wani babur ne da ya yi karo, gabansa ya lotse amma cikinsa lafiya lau. Gadon ƙarfe biyu aka yanka aka yi gangar jikin. Kujerar ta gaban wata tsohuwar lori ce, Yaya ya farke ta ya cusa audugar rimi. Abin da ke buƙatar walda aka kai shi Gaya a kan jaki, sauran kuwa maƙerin garinmu ya buga.

Ni aka ba aikin awo da rubutu, tunda ina da rula da kwamfas. Yaya ya riƙa kirana Malama, yana cewa in auna masa da kyau kada boko ya tashi a banza. Na ware littafi guda na jera komai: sitiyari, sarƙa, kuloci, totur, galan ɗin fetur, har adadin notuna. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ɗan injin nan zai ja tayoyi masu nauyi haka. Ya nuna mini haƙora biyu na ƙarfe, ƙarami a jikin inji, babba a jikin sandar tayoyin baya, ya ce in juya ƙaramin da hannu in ƙirga. Sai na juya shi sau biyar kafin babban ya zaga sau ɗaya. Ya ce gudun da aka rasa a nan, ƙarfi ya zama. Na daɗe a tsugune ina juyawa, har hannuna ya yi baƙi.

Na sake duba littafin nan shekaranjiya, shafi bayan shafi. Babu kalmar birki a ciki. Ban rubuta ba, bai faɗa ba, maƙerin bai tambaya ba, Baba ma da yake zuwa ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo bai tambaya ba. Na yi ta tunanin yadda mutum huɗu masu hankali suka tsallake abu irin wannan. Amsar da na samu ita ce a garinmu ba a tsayar da abu, da kansa yake tsayawa. Keken Yaya tun ina ƙarama ba shi da birki, in ya daina taka feda yashi ya kama shi. Amalanke kuwa in shanu sun tsaya ya tsaya. Wahalarmu kullum yadda abu zai tafi ce. Shi Yaya ya san birki sarai, ya sha gyara shi a birni. Daga baya ya ce mini ya tuna da shi sau ɗaya, ya ga nauyi ne kawai zai ƙara wa inji.

Ranar da motar ta tashi, kaji suka watse, hayaƙi ya cika tsamiya. Ya zaga gari da ita sau uku, ta bi yashin kamar ba yashi ba. Da ya saki totur, taku uku ta yi ta tsaya cak. Kowa ya gani, kowa ya gamsu.

Iya ce ba ta gamsu ba. Ta ce a cika ƙwarya da ruwa, a ba wani ya riƙe a kan kujerar, a yi tafiya mai ɗan nisa. In ruwan ya dawo bai zube ba, za ta hau washegari. Ta nuna ni ta ce ni zan riƙe, tunda ni ma ba nama gare ni ba, nauyinmu ɗaya.

Muka fita da hantsi. Ina zaune da ƙwarya a cinya, idona na kan ruwan. Yana ɗan rawa, yana lasar baki, amma bai tsallake ba. Ina jin yadda sifirin ke haɗiye kowane kwazazzabo kafin ya iso gare ni, har na ce wa Yaya ya ƙara wuta mu gani. Wannan ni na faɗa, kuma ban gaya wa kowa ba sai yanzu.

Bayan gonakin gero akwai faƙo, ƙasa mai tauri kamar daɓe, tana gangarawa zuwa wani kududdufi inda mata ke wanki. Muna hawa faƙon sai ƙarar tayoyin ta canja. Yaya ya saki totur, motar ba ta rage gudu ba. Ya kashe inji, sarƙar ta yi tsalle ta fita, sai motar ta yi shiru ta ƙara gudu. Shirun nan ne ke dawo mini. Ba ka jin komai sai iska da ƙarar ƙarfe. Na ga Yaya ya zura ƙafa ƙasa kamar yadda yake yi a keke, takalminsa ya fizge ya yi baya. Matan suka bar wanki suka tarwatse. Abin da ban gane ba har yau, ban saki ƙwaryar ba. Ina ta kallonta ina kiran sunan Allah, kamar in ruwan ya tsira mu ma mun tsira.

Yaya ya murɗa sitiyari muka kauce wa matan, muka tsaga shingen ƙaya, muka afka cikin taɓon bakin ruwa. Taɓon ne ya kama mu. Ni ko ƙwarzane ban samu sosai ba, sai ƙaya a damtse. Shi yatsun ƙafarsa biyu suka saluɓe.

Da muka ciro motar, ya wanke ƙwaryar, ya cika ta da ruwan kududdufi ya miƙo mini. Ya ce in rufa masa asiri. Gobe zai kauce wa duk wani faƙo, zai tafi a hankali, in Iya ta ji wannan ba za ta hau ba, ƙanwarta kuma ba za ta jira a ƙera birki ba. Gaskiya ya faɗa ta wani gefen. Amma ni na bi hanyar Kademi, na san akwai gangare fiye da ɗaya da ba a kauce musu.

Ya mayar da sarƙar, muka lallaɓo muka iso gida. Iya na kan tabarma a ƙofar ɗakinta, Baba na gefe. Na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabanta. Iya ta leƙa ciki ta ce, “Ni ruwan rijiya na ba ki, 'yar nan. Wannan na ina ne?”

Na ce, “Iya, ba ta jijjiga ko kaɗan. Amma ba ta tsayawa.”

Na faɗi komai, ban da maganar ƙara wuta. Yaya ya sunkuyar da kai. Baba ya tashi ya zaga motar sau biyu, ya danna kujerar da hannu, ya ga yadda take lotsawa ta dawo. Bai yi faɗa ba. Ya ce a kwance injin a ajiye, a kira maƙeri ya buga ƙarfe a gaba inda za a ɗaura karkiya.

Washegari bijiman Baba biyu ne suka ja ta. Iya a kan kujerar rimi da lullubinta, Yaya a gefe riƙe da sitiyari, ƙafarsa a naɗe da tsumma, Baba a gaba da igiya. A kowane gangare sai ya tare shanun, su tokare, motar ta bi su sannu. Ni a ƙasa na tafi, an yi an yi in hau na ƙi. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo, Iya kuma tana gaya wa mutane angonta ne ya yi mata mota mai cin harawa. Har shi sai da ya yi dariya.

Mun isa Kademi bayan la'asar. Ƙanwar ba ta gani sosai, amma tana jin sallamar Iya daga tsakar gida ta amsa da sunan da take kiranta tun suna yara. Aka kama Iya aka shigar da ita, aka saki labule. Tana can har yanzu, ta ce ba mai dawo da ita sai ta ga dama.

Jiya na raka Yaya asibitin Gaya a wanke masa ƙafa. Muna jira a tasha na ga an cire tayar wata lori, na tsuguna daga nesa ina leƙen wasu ƙarafa biyu masu kama da rabin wata a cikin gangar tayar. Na tambaye shi ko su ne birkin. Ya ce su ne, buɗewa suke yi su matse gangar daga ciki. Na zana su a shafin ƙarshe na littafin, layin ya karkace saboda hannuna, amma ya ce ana ganewa.