Allurar da Ta Kusa Rushe Mana Mihrabi

Na ga abubuwa da yawa a yawon duniya waɗanda yau sun gushe mini, amma makon da na kusa sa a rushe bangon masallacin unguwarmu a Zangon Kumasi ba zai taɓa fita daga raina ba.

Ana saura shekara guda a sami 'yancin kai na dawo daga hajji, ta ƙasa, bayan shekara huɗu a hanya. Na zauna a Kano, na yi aikin auduga a Sudan, na iya Larabci, na tsinci Faransanci a Chadi. A Jidda na sayi kamfas na tagulla, mai shagon ya rubuta mini yadda zan juya daga arewa in sami alƙiblar ƙasarmu. Gaskiya na dawo ina jin kaina.

Wata rana bayan La'asar na ajiye kamfas ɗin a gaban mihrabi, mutane suka kewaye ni. Allurarsa ta tsaya, na ƙirga, sai na ga bangon ya karkata dama. Da ina da hankalin yau, da na sami Liman shi kaɗai. A gaban jama'a na faɗa.

Ladan, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce Alhaji ya je Makka ya dawo mana da ita a aljihu. Aka yi dariya, amma Liman bai yi ba. Tsoho ne, shi ya kafa turakun ginin da hannunsa tun ina yaro. Ya dubi allurar ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, in shekara talatin ina juya mutane inda ba gabas ba, to ba zan ƙara shiga gabansu ba."

Mu a Hausa gabas muke ce wa alƙibla, ko ina ta faɗa. Ni kuwa har na yi masa gyara a kan wannan, wai gabas daban alƙibla daban. Washegari Liman bai fito ba. Dattawa suka yanke a fasa mihrabin ranar Asabar, wasu kuma suka fara tambaya ko za su rama sallolin iyayensu da suka rasu.

Don in rufe bakin masu gardama, na je na ɗauko wani safiyo Ba'asante da ke auna filaye a wajen Asawase, abokin hirata a kasuwa. Shaida na je nema. Ya karɓi kamfas ɗin ya juya shi, ya ce mini da Twi, harshensu, "Kramo," haka suke kiran Musulmi, "wa ya gaya maka wannan allurar tana nuna arewa?"

Ya ce ƙasa kanta tana da wani ƙarfi irin na maganaɗisu, shi allura ke bi, kuma a nan yana jan ta yamma da arewa ta gaskiya. A wata ƙasar jan ya fi haka, a wata bai kai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce ƙarfin ba ya zama wuri guda. Ya buɗe tsohuwar taswira da sabuwa, ya nuna mini rubutun gefensu: karkatar da aka rubuta lokacin da ya fara aiki ba ita ce ta yanzu ba. Shi ya sa su ba sa kafa iyakar fili da allura sai sun gyara lissafi. Sai na tuna matuƙan jirgin ruwa a Bahar Maliya, da kamfas a gabansu amma kullum suna auna rana.

Ranar Juma'a da hantsi ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku a ƙofar masallaci, ya auna da rana, ya sa aka ja igiya. Igiyar ta tafi daidai da mihrabin tsoho.

Ni da kaina na je gidan Liman. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na karkace, ba bango ba." Na tambaye shi yadda ya yi a wancan zamanin. Ya ce malaminsa ya koya masa ya jira tsakiyar damina, lokacin da rana ke fitowa can gefen arewa, ta tsaya kwanaki ba ta ƙara matsawa. Wata biyu ya yi yana fitowa kallonta kafin ya buga turke ko ɗaya.

Ya yarda zai koma, amma da sharaɗin inda na yi maganar farko nan zan yi ta biyu. Bayan La'asar na miƙe a gaban sahu na faɗi kuskurena da Hausa, na maimaita da Twi saboda waɗanda ba sa jin Hausa sosai. Ban taɓa yin magana mai nauyin wannan ba.

Tun daga ranar, in na zo da sabon sani na tarar da aikin wani a tsaye, sai na fara tambayarsa yadda ya yi kafin in buɗe baki in ce ya yi kuskure.