Ɗakin Leda a Kango

Shekarar da 'yan bindiga suka raba mu da fadamarmu ta Runka, muka koma cikin garin Safana, gidan yayar mijina. Malam, mijin nawa, koyarwa yake a firamare, amma hannunsa ba ya samun sukuni in bai taɓa ƙasa ba. Da sanyi ya kama, sai ya shiga kangon da ke jikin gidan ya kafa sanduna, ya lulluɓe su da farar leda, ya yi wani ɗan ɗaki da ko tsayuwa ba ka iya yi a ciki.

Na ce, "Malam, mutane na neman wurin kwana, kai kuma tumatir kake gina wa ɗaki?"

Dariya ya yi, ya zaro wani tsumma daga aljihu. Irin tumatirin marigayiya mahaifiyarsa ne, wanda take shafawa a tsumma ya bushe. Duk abin da muka mallaka a Runka, shi kaɗai ya ɗauko. Ya karkaɗe shi kaf ya shuka.

Ni da na yi masa ba'a, ni ya koya wa aikin. Da la'asar a sauke leda, da hantsi a ɗage ta. Ruwa kuma sai ya sha rana kafin a zuba. Kullum sai ya nanata mini, "Sanyi da sauƙi. In rana ta take leda na rufe, dahuwa za su yi."

Sun fara ganye ke nan ya hau mashin zuwa Batsari, aka tare hanya, aka shiga daji da shi.

Ban san abin da zan yi da kaina ba, sai na riƙe ledar nan. In ɗage, in sauke, in yi ta yi musu faɗa kamar 'ya'yana: ku bi a hankali, mai dashenku bai dawo ba, ina kuke sauri? A raina na ƙudure muddin suna tsaye, shi ma yana nan.

Wani da ya kuɓuto daga dajin ne ya kawo labarin. Ciwo ya kama Malam a can, ya cika. Aka yi salati, gida ya cika da mata, aka zaunar da ni takaba. Ko ɗigon hawaye ban yi ba. Ana magana ina ji kamar daga cikin rijiya. Kangon kuwa sai an fita ƙofar gida ake shigarsa, mai takaba ba ta fita.

Yaya ta dafa ni ta ce, "Zauna abinki, ƙanwata, ni zan duba su."

Baiwar Allah, duk tsoronta sanyi. Ta ƙara buhuna a gefe, ta danne bakin ledar da duwatsu, ta bar ta haka.

Ranar da baƙi suka ragu ta shigo ɗakina da faranti a hannu. Ga 'yan shukokin nan a kwance a ciki, sun yi laushi kamar dafaffen alayyafo.

Ta ce, "Ko iska ban bari ta shiga ba. Wallahi don shi na yi."

Na sani. Kukan da ya ƙi zuwa sai a lokacin ya ɓalle, muka rungume juna muna yi. Ƙaninta ne, ita ta goya shi.

Da na samu numfashi na roƙe ta kada ta watsa wa awaki, ta koma kangon ta haƙa rami ta rufe su. Shi ba a kawo mana gawarsa ba.