Ƙafar Hagun Pyo Man-sik

Shekara talatin da ɗaya Pyo Man-sik yana tuƙin tasi a birnin Mokpo, kuma duk tsawon shekarun nan ƙafarsa ta hagu ba ta taɓa tsinana masa komai ba. Motar ba ta da kulochi, dama ce ke taka totur, ita ke taka birki, hagu kuwa tana gefe a miƙe kamar fasinja. A fili ma haka abin yake. Duk Lahadi da sassafe yana buga ƙwallo da dattawan unguwarsu, kuma in ƙwallo ta zo masa ta hagu sai ya zagaya ta tukuna ya daka da dama, ko da kuwa kafin nan an ƙwace.

Giya da soyayyiyar kaza ne suka ja masa ciwon gaɓoɓi a babban yatsan ƙafar dama. Yatsa ya kumbura ya yi jajur, ko bargo ya taɓa shi sai ihu. Likita ya ce ya bar giya, ya kuma bar dukan ƙwallo da wannan ƙafar. Na farkon Man-sik ya yi kunnen uwar shegu da shi. Na biyun ne ya tsorata shi, don ya san al'adar ƙungiyarsu: duk wanda ƙafa ta gaza sai a naɗa shi mashawarci, a ba shi allo mai rubutun zinare, a zaunar da shi a benci yana gadin jakunkuna. Mutum uku ya gani an yi wa wannan karamci, babu wanda ya sake ɗaura takalmi.

Shugaban ƙungiyar, Gu mai shagon tabarau, har ya fara zagaye-zagaye. "Yaya, ai mutum irinka shawararsa ta fi ƙafarsa amfani."

"Riƙe allonka, ɗan nema. Ina da wata ƙafar."

"Wacce? Ta hawa bene?"

Wata biyu Man-sik yana dukan ƙwallo da hagu a bangon gidan gas duk lokacin da ya je zuba wa motarsa gas. Ya fasa madubin motarsa sau ɗaya, ya faɗi zaune sau ba adadi.

Ranar da ya dawo fili suka rabu biyu suna wasa a junansu, sai aka sami fenareti. A wurinsu babba ne ke bugawa, kuma Man-sik ne babba. Golan shi ne Tak mai sayar da kifi, ƙato mai baki ba linzami, wanda ya shekara ashirin yana yi masa tsiya. Man-sik ya ja da baya ya daka da hagu. Ƙwallo ta tafi a hankali kamar tsohuwa mai tsallaka titi. Tak ya dube ta, ya dubi Man-sik, sai ya zube ta ɗaya ɓangaren. Ta gangara cikin raga. Aka ɗau tafi, Gu har da rusunawa.

Man-sik bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. An fara yi masa ladabi ke nan, kuma ya san daga ladabi sai benci.

"Ban yarda ba, a sake," in ji shi. "Kai kuma Tak, ka ƙara faɗuwar ƙarya ka ga in ban faɗa wa duk fasinjan da na ɗauka kifinka na shekaranjiya ne ba."

Aka sake. Wannan karon Tak ko hannu bai ɗaga daga ƙugu ba, tafin ƙafa kawai ya sa ya danne ta.

"Yaya, gaskiya ɗaya ce," in ji Tak. "Ƙafar kare gare ka. Karen ma gurgu."

Haka suke kiran duk wanda bai iya ba, amma sai wanda ke cikin fili ake kira da shi. Daɗi ya kama Man-sik har idonsa ya kawo ruwa. Ya zagi Tak da kifinsa, ya ɗingisa zuwa tsakiyar fili yana ɗaga hannu.

"Me kuke kallo? Ku ba ni ta hagu, 'yan banza!"