Ranar da Na Ƙi Fita daga Ɗakin Likita

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar Inna. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan sa a dama fura a raba wa maƙwabta, a yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana ba zan yi shirun ba. Akwai abin da na yi mata wanda na daɗe ina binnewa, kuma ciwon bayana ne ya tono shi.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a ƙauyukan Adar ya san nauyin wannan. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cin abinci a gabana, ba ta kallona ido cikin ido. Kakata ce ta raine ni. Da na zama malamin lakwal, wato makarantar boko, a Madawa sai ta samo mini suna, wai Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, shi ma ba da ni take yi ba. Sai ta ce da ƙanwata Hajo, "Tambayi Mushenku ko shina cin miyar kuka." Ina zaune kusa da su ina ji.

A tsakiyar shekarun casa'in bayanta ya fara karkata. Ba doro ba ne na haihuwa. Tsufa ne ya bi ƙashin gadon bayan ya murɗe shi gefe, kafaɗar hagu ta sauka, ciwon ya kama ƙugu ya gangara ƙafa. Wanzamin ƙauyenmu, can cikin kwarin Buza, ya yi mata ƙaho har bayan ya cika da tabo, babu sauƙi. Ta bar gonar gero ba ta yi ƙorafi ba, ta bar daka ba ta yi ƙorafi ba. Tsayuwar salla ce ta dame ta. Takan dafa bangon ɗaki ta yi raka'a ɗaya a tsaye tana gumi, sauran ta ƙarasa a zaune. Hajo ta ce mini Inna ta ce in dai za ta koma tsayuwa gaban Ubangijinta, sauran duk a bar mata kayanta.

Da aka yi hutun lakwal na ɗauke ta zuwa asibitin mishan. Hajo ta ɗaura zane za ta bi mu, na hana. Na ce me za ta yi a can, ita da ko gaisuwa ba ta iya ba da Faransanci? Na sa kwat da takalmin fata, na soke biro biyu a aljihu, sai ka ce ni za a duba.

A ɗakin likita muka tarar da wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce 'yar ƙasarmu, ana ce mata Madam Rifkatu. Kallo ɗaya ta yi mana, ta ga yadda Inna ta zauna ta ba ni gefe, ta ce, "Inna, wannan shi ne na fari?" Inna ta sunkuyar da kai. Madam ta juyo a hankali ta ce, "Mushe, ɗan ba mu wuri. Ni zan yi mata tafinta."

Wallahi na gane abin da take nufi sarai. Amma ga likita bature a zaune, ga Faransanci cike da bakina, shekara da shekaru ina zuba wa 'yan aji uku shi ba wanda ya yaba. Na ce, "Madam, ni nake koyar da harshen nan. Ba mu bukatar tafinta."

Likitan ya ce ta sassauta zane ya taɓa ƙashin. Inna ta ƙara jan mayafi. Ya ce a ina ke ciwo? Ta ce ba inda ke ciwo. Ya ce tana iya tsayuwa? Ta ce tana tsayuwa. Ni kuwa ina ta juya masa maganar dalla-dalla, ina gyara lafazi, alhali na san ba gaskiya ba ce, na kuma san ni ne dalili. Har haushinta na ji, wai ta kunyata ni gaban baƙo. Ya rubuta mata ƙwayoyi muka fito.

Madam Rifkatu ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce akwai allurar da likitan yake yi tsakanin ƙasusuwan baya, babu yanka, babu kwanciya. Ba za ta miƙar da bayan ba, amma takan kwantar da ciwon na watanni, kuma ta ga tsofaffin da suka koma tafiya da ƙafarsu. Sai dai ba ya yi sai ya ga bayan da idonsa. Ta ce, "Ka dawo da ita tare da ɗiyarta mace. Kai ka tsaya gindin bishiya." Na ce za mu gani.

Ban dawo da ita ba. Komawa na nufin in yarda cewa matar nan ta fi ni sanin uwata. A gida na ce an duba ba a ga komai ba, na ƙara da cewa wai allura za su soka mata a ƙashin baya, ni kuwa ba zan bari a gurgunta ta ba. Dangi suka yi ta sa mini albarka. Inna ta ƙara shekara uku a duniya, tana salla a zaune, daga baya a kwance.

Bara sai ga ciwon ya zo kaina, kafaɗar hagu, ƙugu, ƙafa, kamar an kwafa. Ɗiyata ta fari, wadda ta ci sunan Inna muke ce mata Mama, ta kai ni Yamai. Likita ya ce a ina ke ciwo, sai na ji bakina yana cewa, "A'a, ba wani abu ba ne." Mama ta dube ni, ta ɗauki jakarta, ta ce, "Baba, ina waje." Ba wanda ya ce ta fita. Tana rufe ƙofa na kwance wa likita komai, har da abin da bai tambaya ba. 'Yar ƙofa suka huda a bayana, faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba, suka zura wani siririn bututu mai fitila suka sassauta wa jijiyar da ƙashi ya danne. Kwana biyu ina takawa.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da wannan zamani. Bututun ba zai burge ta ba. Tambaya ɗaya za ta yi: bayan an gama, mutum yana tsayuwa ya yi salla? Za ta riƙe baki in ta ji matan yanzu suna ƙwala wa ɗan fari kira da sunansa a tsakiyar kasuwa. Wasu abokaina kan ce ai irin wannan kunya ce ta cuci iyayenmu. Ni ban yarda ba. Al'adar ta tanadi mafita, kowane manomi a ƙauyenmu ya san ta: ɗan fari ya tashi ya fita. Ni da na yi boko ne na zauna.

Da Hajo ta zo duba ni, na daure na faɗa mata duka. Ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce, "Yaya, ai tun ranar na sani. Inna ta ji abin da matar ta gaya maka a bakin ƙofa." Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce, "Ita ta hana. Ta ce kar in tada zancen, kar ka ji kunya." Sannan ta ce, "Ka san mi ta ce kuma? Ta ce, 'Hajo, da kin ji Mushenku da bature, har baturen na gyaɗa kai. Ban gane komi ba, amma ban so shi daina ba.'"

Na juya fuskata bango na yi kuka, da furfurata.

An raba gonar, ɗakin Inna ya rushe tun damina ta biyu. Abin da ya rage nata shi ne sunanta a kan Mama, da hankalinta da ya tsallake ni ya sauka kan yarinyar, da karkataccen ƙashin nan da na gada. Yanzu ina yin raka'a huɗu a tsaye ba tare da na dafa bango ba, kuma duk sanda na ɗaga hannu zan yi kabbara sai na tuna cewa ita ta roƙi wannan tsayuwar, ni aka ba. Allah ya jiƙan ki, Inna. Da ma na fita.