Uwar Keke, Mai Auna Sama da Tukunya

"Inna, mai tura keke fa! Ita za ki tashi ki yaba a gaban manya?"

"Ita ɗin. Kai mai ofis, ranar da na zo tafiya ina ka shige?"

Autana ke nan, ma'aikaci a filin jirgi. Jibi za su yi walimar sallamar waɗanda suka ajiye aiki. An shirya wa matuƙa da masu kwat yabo, Uwar Keke kuwa, mai tura keken nan da ita ma ta ajiye aiki, ko kujera ba a ware mata ba. To ni na rubuta nawa, da rubutun nan nawa mai kama da tonon kaza. Na zaunar da shi na fara karanta masa.

Kafin masu kanti su buɗe take isowa. Ta goge kekunan tura tsofaffi, ta latsa tayoyin, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ƙafafun mutane. Wai a ƙafa ake gane mai tsoro.

A nan ta tsince ni, shekarar da 'yata ta haihu a nesa zan hau jirgi in je wajenta. Na wuni ban sha ruwa ba, don maƙwabciyata ta rantse min bayan gidan jirgi zuƙe mutum yake ya wurgo shi ƙasa. Ita da ko tsani ba ta taɓa hawa ba! Na tambayi autan nisan tafiyar, ya nuna min wani allo can sama, ya wuce yana waya.

Uwar Keke ta durƙusa ta ce, "Mama, kin taɓa dafa wake mai taurin kai?"

Na ce, "Har na zage shi."

"To ɗora shi yanzu a zuciyarki. Kafin ya nuna kin rungumi jikanki."

Ta sa na shanye gorar ruwa tas, ta kwatanta min yadda ake zare sakatar bayan gidan. Wallahi ina sama ina juya wakena, sai ji na yi mun dira.

Kowa da ma'auninsa. Wata mai shara a filin ta tsegunta min cewa matar wani babba, mai taku kamar ita ta shimfiɗa ƙasar, ta taɓa ƙanƙame wa Uwar Keke hannu tana hawaye. Ba zan kama suna ba, amma tana da haƙorin zinare. Ita aka ce wa tafiyarta wankin gidan yawa ce, har da shanya da ninkewa. Ta ce ba ta taɓa wanki ba. Uwar Keke ta ce, "To yau kya koya, Hajiya." Da dariya ta shiga jirgi.

Uwar Keke, ke ce mai kai mutum bakin ƙofar jirgi ki juyo da keke fanko. Ba ki taɓa hawa ba, gwiwoyinki sun ƙare a tura namu. Na gode, Uwar Keke. Allah ya tura ki inda babu tsoro. Ku kuma masu nuna allo, ku riƙa durƙusawa ku dubi fuskar mai tambaya, wandonku ba zai yage ba.

Nan na kai a karatun, sai autan ya miƙe.

"Idan wannan za ki karanta, ba dai a motata ba."

"Ƙafata ke ciwo, ɗan nan, ba bakina ba. Ina isa bakin ƙofa akwai mai tura ni har gaban lasifika."

Ya figi makullinsa ya fice, ya buga ƙofa har hotonsa na bango ya karkace. Na bar shi a karkace.