Kyanwar Hajiya Ba Ta da Ƙuma

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Binta ta shigo asibitin dabbobi da nake aiki a Dutse ba. Daminar bara ce, ina mataimakin likita. Ta zo da kyanwarta fara sol, sai ƙamshin turaren wuta kyanwar take, amma ta sosa wuyanta har gashin ya zube.

"Malam, ku taimaka," in ji ta. "Alhaji ya rantse in ba ta daina susa a falonsa ba, a buhu zai sa ta a kai ta can Aujara a yar."

Ƙa'idarmu kan ƙaiƙayi ita ce a fara taje gashi a kan farin ƙyalle. In baƙin gari ya zubo, aka ɗiga ruwa ya yi ja, kashin ƙuma ne. In babu, sai a kankare fata a duba ƙazuwa ko makero. Abinci shi ne zargin ƙarshe. Muka taje, muka kankare, ba komai. Ta sake dawowa, haka. Raina ya fara ɓaci.

Ashe duk ranar zuwa asibiti sai Hajiya ta sa an sulle kyanwar da sabulu, an taje ta, an turara ta, don ba a shiga mutane da dauɗa. Shaidar da muke nema tana bin rariya.

Likita ya ce mu je gidan ba sanarwa. Ina taka kafet ɗin falo, ƙuma ta yi wa idon sawuna caa.

"Hajiya, ƙuma ce," in ji likita.

"Ƙuma? A gidana? Haba likita, a dai sake dubawa. Ba irin cutar nan ta kyanwoyin Turawa ba ce, wadda abinci ke kawowa?"

Ta ƙi karɓar magani fafur. Tausayin kyanwar ya kama ni, na ce, "Wataƙila daga awakin maƙwabta take tsallakowa." Nan take fuskarta ta sake, ta ce dama ta sani.

Aka yi feshi, aka ɗiga wa kyanwa magani, ta tsira daga buhu. Maƙwabtan kuwa, da ba su san hawa ba balle sauka, har yanzu Hajiya ciki-ciki take amsa gaisuwarsu.

Ku sabbin shiga wannan aiki, ku riƙe wannan: gano abin da ke cizon dabba ba ya ba mu wuya. Wahalar aikinmu ita ce samo wa mai ita wanda zai ɗora wa laifin.